An Ba Ka Kujera: Yadda Za Ka Sa A Bi Ka Da Hankali, Ba Da Tsoro Ba

Ranar da aka fara ba ni shugabancin wani ƙaramin sashe mai mutum tara, abin da ya fi faranta min rai shi ne yadda kowa ke cewa "to, oga" tun ban rufe baki ba. A sati na biyu na sa a haɗa min rahoton wata, har na zana yadda nake so a jera alƙaluman. Kafin ƙarfe huɗu aka kawo shi tsaf. Bayan kwana uku ya dawo daga sama, jan biro ko'ina a jikinsa, domin tsarin da na bayar ya sa an ƙirga wasu kuɗaɗe sau biyu. Na kira dattijon da ya haɗa shi, mutumin da ya fi shekara goma a kan teburin nan, na ce, "Baba, kai ba ka ga wannan ba?" Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Ai haka ka ce a yi."

Ban iya yi masa faɗa ba, don gaskiya ya faɗa. Tun daga ranar "to, oga" ta daina burge ni. Biyayya ita ce abu mafi araha da kujera ke ba mutum, kowane shugaba yana samunta kyauta ranar da aka miƙa masa takardar kama aiki. Abin da ba a bayarwa kyauta shi ne mutane su kawo maka hankalinsu tare da hannunsu. Wannan jagorar ta wanda aka ɗora a kan wasu ce, namiji ko mace, ko mutum uku ne a ƙarƙashinsa ko talatin.

Mataki na farko: san abin da ke sa a bi ka

A 1959 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, John French da Bertram Raven, suka karkasa iko gida biyar. Akwai ikon muƙami, ana bin ka saboda takarda ta ce kai ne shugaba. Akwai ikon bayarwa: ƙarin girma, alawus, hutu, tura mutum kwas, duk sai da sa hannunka. Akwai ikon hukunci: takardar tuhuma, yanke albashi, canjin wurin aiki, kora. Sai ikon gwaninta, wato ka san aikin har ana neman shawararka. Sai na kwarjini da farin jini, inda mutum ke bin ka don yana ganin girmanka, yana kuma sha'awar ya zama irinka. A 1965 Raven ya ƙara na shida, ikon bayani, wato hujjar da ka kawo ce ta gamsar da mutum.

Ukun farko na kujera ne. Ranar da aka ɗauke ka a nan za ka bar su, magajinka ya kwasa. Ukun ƙarshe naka ne, da su za ka tafi duk inda aka kai ka.

Samu takarda, ka rubuta sunayen mutanenka, gaban kowane suna ka sa ainihin dalilin da ya sa yake bin maganarka. Kada ka yi wa kanka kara. Idan ka rasa amsa, yi wannan gwajin: da za ka tafi hutun wata guda ba waya, wa zai ci gaba da aikin yadda kuka tsara, wa zai miƙe ƙafa? Wanda tsoron hukunci ko kwaɗayin lada kaɗai ke riƙe da shi aikin ganin ido yake yi, kuma irin wannan sai ka zama mai gadinsa. Shugaban da ya zama mai gadi ba ya samun lokacin yin nasa aikin.

A bayan takardar kuma rubuta masu iko da ba su da kujera. Sakatariyar da ta san inda kowane fayil yake, ma'ajin sito, mai gyaran kwamfuta, da mutumin nan da kowa ke satar kallon fuskarsa a taro kafin ya buɗe baki. Duk wani sauyi da za ka kawo, fara zama da waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin ka sanar. Sabon shugaba da yawa ya ɗauke su a matsayin kishiyoyi, ya ɓata shekara yana kokawa da su, alhali sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Mataki na biyu: toshe yoyo kafin ka ɗebo ruwa

Kowane sabon shugaba yana so ya tara mutane ya yi musu jawabin zaburarwa. Dakata tukuna. Frederick Herzberg da abokan aikinsa sun tambayi injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh na Amurka su ba da labarin lokacin da suka fi jin daɗin aikinsu da lokacin da suka fi jin haushinsa, suka wallafa sakamakon a 1959. Abin da suka gano shi ne abubuwan da ke kawo haushi daban, masu kawo ƙwazo daban. Haushi yana fitowa daga dokokin wurin, halin mai sa ido, albashi da yanayin wurin aiki. Ƙwazo kuwa daga cim ma wani abu ne, da yabawa, da daɗin aikin kansa, da ɗora wa mutum amana, da ci gaba. An soki binciken, an ce ai ɗan Adam dama yakan jingina nasara ga kansa ya ɗora wa wasu laifin ɓacin ransa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka darasin ya zauna daidai a wurin aiki: gyaran fanka ba zai sa mutum ya so aikinsa ba, amma wanda alawus ɗinsa ya maƙale wata uku ba zai ji jawabinka ba ko da zuma ka shafa masa.

Saboda haka a watan farko ka zauna da kowa shi kaɗai, minti ashirin ya isa. Tambaya biyu: "Me ke hana ka yin aikinka yadda kake so?" da "Wane ɓangare na aikin ne idan kana yi ba ka sanin lokaci ya wuce?" Rubuta amsar a gabansa. Daga amsoshin tambayar farko zaɓi abu ɗaya ko biyu da ke cikin ikonka, ka gyara cikin sati biyu. Wanda ya fi ƙarfinka ka faɗa ƙarara cewa ya fi ƙarfinka, ka kuma faɗi wanda za ka kai wa. Alkawarin da ba za ka iya cikawa ba ya fi shiru ɓarna.

Yoyo mafi girma shi ne rashin adalci. John Stacey Adams ya bayyana shi tun a shekarun 1960: ma'aikaci ba ya auna abin da ya samu shi kaɗai, yana auna shi ne da na abokin aikinsa. Idan ya ga shi ne ke zuwa da sassafe amma ɗan lelen oga ne ke tafiya kwas, zai daidaita sikelin da kansa, ya rage aiki har ya yi daidai da abin da yake ganin ana ba shi. Duba yadda aka raba hutu, tafiye-tafiye da aikin wahala a shekarar da ta wuce. Mutanenka sun riga sun ƙirga, kai kaɗai ne ba ka sani ba.

Mataki na uku: koyi ba da umarni

Wata masaniyar harkar shugabanci, Mary Parker Follett, ta yi wata magana tun a shekarun 1920 da har yau ba ta tsufa ba. A ganinta bai kamata mutum ya karɓi umarni daga mutum ba, kamata ya yi shugaba da na ƙasa su duba halin da ake ciki tare, su karɓi umarni daga abin da aikin ke buƙata. Bambancin a baki yake fitowa. "Ka kawo min lissafin nan gobe da safe" yana sa mutum ya ji ana juya shi. "Masu bincike za su zo ranar Alhamis, kuma sai an duba lissafin nan sau biyu kafin su iso, yaushe za ka iya gamawa?" yana sa ku biyu ku fuskanci matsala ɗaya. Sau da yawa ranar da zai yanka wa kansa ta fi wadda za ka yanka masa kusa.

Umarni mai kyau yana ɗauke da abin da ake so a samu, dalilinsa, ranar gamawa, da iyakar da ba za a tsallaka ba, kamar kasafin kuɗi ko wata doka. Yadda za a yi kuwa, bar wa mai aikin matuƙar ya iya. A nan na faɗi a labarin rahoton nan: na tsara wa gwani yadda zai yi abin da ya fi ni sani. Edward Deci da Richard Ryan sun shafe shekaru suna nuna cewa ƙwazon da ke fitowa daga zuciyar mutum yana tsayawa ne a kan abu uku: ya ji yana da ta cewa a aikinsa, ya ji yana ƙara gwanancewa, ya kuma ji yana da alaƙa da mutanen da yake aiki da su. Shugaban da ke tsaye a kan kowa yana gyara waƙafi yana kashe na farko da na biyu a lokaci guda.

Guji "ku yi iya ƙoƙarinku". Binciken Edwin Locke da Gary Latham ya nuna cewa buri takamaimai, mai ɗan wuya amma mai yiwuwa, ya fi irin wannan maganar fitar da aiki. Kafin mutum ya tashi daga gabanka kuma, kada ka tambaye shi "ka gane?", don ba wanda zai ce a'a. Ce masa, "Faɗa min ta ina za ka fara," sannan, "Me kake ganin zai iya ɓata wannan tsarin?" Da na yi wa dattijon nan tambaya ta biyu, da rahotona bai sha jan biro ba.

Mataki na huɗu: yi hattara da lada

Lada yana aiki, shi ya sa yake da haɗari. A 1971 Deci ya ba ɗalibai wani wasan harhaɗa guntaye mai daɗin yi. Wasu ya biya su kan kowane wanda suka warware, wasu bai biya ba. Da aka daina biyan, waɗanda suka saba karɓa sai suka rage taɓa wasan a lokacin hutu. Kuɗin ya mayar da abin sha'awa ya zama ƙwadago. Ba ana cewa kada a biya mutane da kyau ba ne, a biya su har maganar albashi ta fita daga ransu. Abin gudu shi ne rataya tukwici a kan kowane motsi.

Mafi muni shi ne a haɗa lada da barazana a kan lamba ɗaya. Bankin Wells Fargo na Amurka ya matsa wa ma'aikatansa lamba su sayar wa kowane mai hulɗa da shi hajojin banki har takwas. Masu cika adadi su samu ƙari, waɗanda suka gaza su shiga uku. Sai ma'aikata suka shiga buɗe asusu da katunan bashi da sunan mutane ba da saninsu ba. A 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana cewa an kori ma'aikata kimanin 5,300, kuma asusun da ake zargi a lokacin sun kai kusan miliyan biyu. Ba a tara ɓarayi 5,300 a wuri ɗaya bisa tsautsayi. Abin da aka auna shi aka samu.

Kafin ka sa wata lamba a matsayin ma'aunin ƙwazo, tambayi kanka: wace hanya ce mafi sauƙi ta cika wannan lambar ba tare da an yi aikin ba? Idan ka gano ta cikin minti biyar, su ma za su gano. Haɗa adadi da inganci, ka kuma riƙa duba samfurin aikin da idonka. Yabo kuwa ba ya cin ko sisi, amma ya zama takamaimai. "Sannu da ƙoƙari" iska ce. "Yadda ka kwantar wa mutumin nan da hankali jiya har ya fasa janye kwangilarsa, na gani" ita ce mutum ke tafiya da ita gida.

Mataki na biyar: buɗe ƙofar "a'a"

Wannan shi ne matakin da ya fi sauran nauyi, kuma shi shugabanni suka fi tsallakewa, don ba daɗi.

A 1961 Stanley Milgram, masanin halayyar ɗan Adam, ya fara wani gwaji a Jami'ar Yale ta Amurka. Ana kawo mutum a ce masa ana binciken koyo ne, shi ne malami, kuma duk lokacin da ɗalibin da ke ɗaya ɗakin ya yi kuskure zai danna masa wutar lantarki, daga bolt 15 (ma'aunin ƙarfin wuta ke nan) ana ƙarawa har 450. Ba wutar gaske ba ce, ɗalibin ma ɗan wasa ne, amma mai dannawa bai sani ba. Idan ya yi turjiya, wani mutum sanye da rigar ɗakin gwaji zai ce masa ya ci gaba. A gwajin da aka wallafa a 1963, mutum 26 cikin 40 suka danna har ƙarshe. Da yawansu gumi suke yi, suna rawar jiki, suna gardama, amma hannunsu bai tsaya ba.

Mutane sukan tsaya a nan su ce ɗan Adam mugu ne. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sauran gwaje-gwajen da Milgram ya yi yana sauya yanayi. Da mai ba da umarnin ya fita yana magana ta waya, masu kaiwa ƙarshe suka ragu zuwa kusan ɗaya cikin biyar, wasu ma suna danna ƙaramar wuta suna ce masa sun danna babba. Da aka sa wasu mutum biyu a gefe suka ƙi ci gaba, huɗu kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Ashe mutum ba ya rasa sanin daidai, abokin tsayawa yake rasawa.

Kada ka ce ai wannan ɗakin gwaji ne. A 1966 likita Charles Hofling ya gwada a asibiti na gaske. Wani da ya kira kansa likita, wanda ma'aikatan jinya ba su sani ba, ya buga waya ya ce a ba mara lafiya miligiram 20 na wani magani, alhali a jikin kwalin an rubuta kada a wuce 10, kuma dokar asibitin ta hana karɓar irin wannan umarni ta waya. Cikin 22, 21 suka ɗauko maganin za su bayar sai da aka tsayar da su. Ranar 27 ga Maris 1977 kuma, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙin ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM na ƙasar Holland, babban mai horar da matuƙa ne a kamfaninsa. Yana cikin gudun tashi injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake magana. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa kamfanonin jiragen sama suka fara horar da na ƙasa yadda zai ja hankalin kyaftin, da kyaftin yadda zai saurara.

Muna cewa bin na gaba bin Allah, amma na gaba ma mutum ne, hazo yana rufe masa ido. Ga abin da za ka yi a aikace.

A taro, kai ne na ƙarshen faɗin ra'ayi. Da zarar ka fara, sauran amin kawai za su ce. Fara da mafi ƙanƙanta a muƙami, ka hau sama. Idan shawara babba ce, ɗora wa mutum ɗaya aikin nemo aibinta, a riƙa juyawa, don kada a ce wane ne mai taurin kai.

Fayyace abubuwan da kowa ke da ikon tsayar da aiki a kansu ba sai ya nemi izini ba: haɗari ga rai ko lafiya, saɓa doka, lissafin da bai daidaita ba. A masana'antun Toyota an san igiyar nan da kowane ma'aikaci zai iya ja idan ya ga matsala a layin haɗa mota, shugaban rukuni ya taho da sauri, idan ba a warware ba layin ya tsaya. Kai ma ka samar da taka igiyar, ko da kalma ɗaya ce da kuka yi ittifaƙi a kanta.

Sannan ka lura da fuskarka ranar da aka fara kawo maka mummunan labari, domin ranar ce ake yanke hukunci a kanka. Idan ka ɗaure fuska ka fara da "wa ya yi?", ka rufe ƙofar ke nan, daga ranar sai dai ka ji a bakin na sama. Fara da "na gode da ka faɗa min da wuri", sai "me za mu yi yanzu?" Binciken laifi ya biyo baya. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta taɓa bincike a sassan asibiti tana zaton rukunin da ya fi kyakkyawan shugabanci zai fi ƙarancin kuskuren magani. Sai ta ga su suka fi yawan kuskure a rubuce. Da ta bi diddigi, alamu suka nuna ba sun fi yi ba ne, sun fi faɗa ne. Idan wata uku suka wuce ba wanda ya kawo maka matsala, kada ka yi murna.

Ranar da wani ya gyara ka kuma ya zama shi ke da gaskiya, faɗa a gaban kowa. Sau ɗaya ya isa a gane da gaske kake.

Mataki na shida: hukunci

Wani lokaci ba makawa. Yi shi a keɓe, da wuri, a kan abin da aka yi ba a kan halin mutum ba, kuma bi matakan da dokar wurin ta tanada: jan kunne, gargaɗi a rubuce, sannan abin da ya fi haka. Raba kuskure da ganganci. Laifi iri ɗaya hukunci iri ɗaya, ko da na hannun damanka ne. Barazanar da ba za ka aiwatar ba kada ta fito daga bakinka.

Mataki na bakwai: kai ma akwai na sama da kai

Gaba da gabanta. Tasiri a kan na sama ba ya samuwa da fadanci, fadanci yana saya maka murmushi ne kawai. Gano abin da ake tambayar oganka a kai idan shi ma ya shiga ofishin nasa ogan, ka jingina buƙatarka a kan wannan. Kada ka kai matsala hannu rabbana, tafi da mafita biyu da wadda ka fi so. Kada kuma ka bari ya ji labarin sashenka daga bakin wani.

Idan ya ba ka umarnin da ba ka gamsu da shi ba, fara rarrabewa. Idan saɓanin ra'ayi ne kawai, faɗi naka sau ɗaya a fili, da hujja, in ya tsaya a kan nasa ka aiwatar da zuciya ɗaya, kada ka koma wajen mutanenka kana cewa "ni ma tilasta ni aka yi". Idan kuwa umarnin ya taɓa doka, ko amanar kuɗi, ko lafiyar wani, to lamarin ya sauya. Fara da tambaya, don wataƙila akwai abin da ba ka sani ba: "Yallaɓai, so kake in sa hannu cewa kayan sun iso alhali ba su iso ba?" Sau da yawa jin maganar tsirara haka yana sa mai ita ya janye. Idan bai janye ba, faɗi abin da ba za ka iya ba tare da abin da za ka iya: "Wannan ba zan iya sa hannu a kai ba, amma zan iya rubuta cewa ana sa ran isowarsu ranar kaza." Idan ya nace, nemi ya ba ka a rubuce, kai ma ka aika masa gajeren saƙo mai ɗauke da kwanan wata da abin da kuka tattauna, ka adana kwafi. Nemi abokin aiki ɗaya mai mutunci da ya san maganar, ka tuna mutum biyun nan na gwajin Milgram. Daga nan sai hanyoyin da aka tanada: sashen kula da ma'aikata, masu binciken kuɗi na cikin gida, ƙungiyar ma'aikata, ko hukumar da ke sa ido a kan sana'arku. Kafin ka kai can, karanta takardar ɗaukarka aiki da dokar ƙwadago ta inda kake, don kariyar da ake ba mai fallasa ɓarna ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ka tabbata duk abin da za ka faɗa ka gani da idonka ko kana da takardarsa a hannu.